Darasi: Sayen Lagireto Domin Motar Ikilisiya

Karatu: Luka 14:28-30

'Yan'uwa cikin Kristi, motar da take ɗaukar masu naƙuda da marasa lafiya daga ƙauyukan Dalijan zuwa asibiti a Gwandu ko Birnin Kebbi amana ce a hannunmu. Yawancin irin waɗannan motoci tsofaffi ne, Land Cruiser ko Hilux. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, ga yashi, ga kaya. In lagireto ya gaza, inji zai tafasa, gasket ya ƙone, mai haƙuri kuma ya kwana a hanya. A karatunmu, Ubangiji Yesu ya koya mana yin lissafi kafin a soma aiki. Bari mu yi haka kafin a taɓa kuɗin baiko.

1. A tabbata laifin lagireto ne. Bakanike ya fara duba fambel, da fanka, da tiyo, da famfon ruwan inji. Wani lokaci ƙaiƙayi da laka ne kawai suka toshe gaban lagireton, wanki ya isa.

2. A tafi kasuwa da tsohon. A gwada tsawo da faɗi, da bakin tiyo na sama da na ƙasa, da wurin ɗaure noti. Na dizal da na fetur sukan bambanta. A ƙirga layin bututun ciki: in tsohon mai layi 3 ne, kada a karɓi mai layi 2.

3. A duba irin ƙarfen. Na tagulla yana da nauyi da tsada, amma in ya huje mai gyara zai like shi da dalma. Na alminiyam mai kan roba ya fi sauƙin kuɗi, amma in robar ta tsage, gyaransa da wuya. Ga motar da take aikin ƙauye, wanda ake iya likewa ya fi kwanciyar rai. Araha ba ta ado.

4. In na hannu za a saya, a gwada shi a gaban mai kaya. A toshe bakunan, a nutsa shi cikin ruwa, a hura masa iska. In kumfa ya tashi, yana yoyo.

5. A haɗa da sabon murfi. Lambar da take kansa, kamar 0.9 ko 1.1, ta zama daidai da ta tsohon. Murfin ne yake hana ruwa tafasa da wuri. A zuba ruwan sama mai tsabta haɗe da ruwan sanyaya inji, gama ruwan rijiya yakan bar gishiri ya toshe bututu. Kada kowa ya buɗe murfi inji yana da zafi, tururin yana ƙona fuska.

Mutum biyu su je sayen, direba da dattijo ɗaya, su kawo rasit gaban kwamiti.

Tambayoyi domin tattaunawa

a. Wa yake duba ruwan motarmu kowace safiya?
b. Muna ajiye wani abu domin gyara bayan girbi, ko sai mota ta tsaya?

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu hikima mu riƙe amanar abin da ka sa a hannunmu, ka kuma kiyaye direbobinmu da marasa lafiya a hanya. Cikin sunan Yesu, Amin.