Ya Riga Ni Kai Ƙara Wurin Dangi

Tambaya: Anti, mijina yana wulaƙanta ni a ɗaki, amma a waje kowa yabonsa yake. Kafin in buɗe baki ya riga ni zuwa wurin iyayena, wai ni ce mai tsiwa. Yayarsa ma tana bayansa. Yaya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, abin ya taɓa min zuciya. Mai irin wannan son kai ba ya yarda laifi ya hau kansa. Shi ya sa yake riga ki kai ƙara: kafin ki iso an gama yanke miki hukunci, ki ɓuge da wanke kanki, abin da ya yi kuwa ya bi ruwa. 'Yan amshin Shatansa, masu cewa "ki yi haƙuri", wasu ruɗarsu ya yi, wasu tsoronsa suke ji.

Kada ki ɓata ƙarfinki wajen shawo kan yayarsa. Riƙa adana saƙonninsa, ki rubuta abin da ya faru da ranarsa. Ki zaɓi dattijo ɗaya mai adalci, wanda ba ya cin abin hannunsa, ya zaunar da ku gaba da gaba. In ya kai ga duka, ki koma gida, ki nemi ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA ko kotu. Allah ya kawo miki mafita.