Darasi: Tallan da ke ɓoye tarko

Manomin Bichi ya sayar da gyaɗa, kuɗinsa suna banki. Da dare yana duban waya, sai ga talla: "An ba ka tallafin taki, danna nan."

Ɗan'uwa, kada ka danna. Ko da tambarin gwamnati a jiki, shafin na ɓarayi ne. Za su nemi BVN ɗinka, lambar nan da Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a 2014, da lambar sirrin katinka, da wadda banki ke aikowa ta saƙo. Da su sukan kwashe wahalar damina ɗungum. Banki kuwa ba ya tambayar lambar sirri.

In ka riga ka bayar, kada kunya ta zaunar da kai. Tafi banki yau, a rufe katin.