Amsoshin Wasiƙunku: Ruwan Wanka Na Zafi, Ɗakuna Sun Ƙi Ɗumi

 Wasiƙarmu ta farko ta fito daga birnin Leeds na ƙasar Ingila. Wani ɗan'uwa ne yake cewa tun shigowar hunturu ruwan wanka yana zafi lafiya lau, amma radiyetocin ɗakuna sun ƙi ɗaukar ɗumi, yara na kwana da rigunan sanyi. Yana tambaya ko boilarsa ce ta mutu.

Malam, Allah ya kawo sauƙi, amma kwantar da hankalinka. Boilar da ke dafa maka ruwan wanka da ranta. Ni bawul nake zargi. A gidajen Ingila masu tankin ruwan zafi, a tsarin da ake kira S-plan, bawul biyu ne kusa da tankin: ɗaya na sakin ruwa zuwa tanki, ɗaya zuwa ɗakuna. Kowanne jikinsa na tagulla ne ɗaure da bututu, a kansa kuma akwai ɗan akwati mai ƙaramin injin lantarki. Idan ma'aunin zafi na bango ya nemi ɗumi, injin zai buɗe wa ruwa hanya, sannan ya danna wani ɗan makunni a ciki, makunnin kuma ya tada boila da famfo. In injin ya ƙone, boila ba za ta taɓa jin kiran ba.

Ga yadda za ka gane. A gefen akwatin bawul ɗin ɗakuna akwai ɗan hannu, an rubuta AUTO a gefe guda, MAN a ɗaya gefen. Kunna ɗumamar ɗakuna, ka ɗaga ma'aunin bango, ka taɓa hannun. In bawul ya buɗe, za ka ji shi sakwa-sakwa. In yana turjiya kamar a kashe yake, bai buɗe ba ke nan. Kafin a gyara, maƙale hannun a MAN. Duk lokacin da tanki ke dafa ruwa, ɗakuna ma za su samu rabonsu.

Galibi kan bawul ɗin, wato akwatin nan, ne ke lalacewa, jikin lafiyarsa ƙalau. Samfurin Honeywell V4043H mai ɗan tudu a murfinsa, ana cire kansa da sukurori biyu ba tare da an zubar da ruwan gida ba. Tsohon yayi marar tudun nan kuwa, kana kwance shi ruwa zai biyo.

Ka saurare ni da kyau a nan, don rai ake magana. Galibi wayoyi biyar ke fita daga kan: ruwan ƙasa, shuɗiya, ruwan toka, ruwan goro, da mai kore da rawaya. Ruwan tokar nan tana ɗauke da wuta, bolt 230, ko da ka kashe agogon ɗumama. Sai ka kashe daga makunnin bango na kusa da boila, ka zare fis ɗinsa, ka gwada da abin gwajin wuta, ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka taɓa ko ɗaya. In hannunka bai saba da lantarki ba, don Allah ka kira mai sana'ar.

Bayan cire kan, murɗa ɗan sandan da ke jikin tagullar. In ya cije, jikin ma sai an sauya, a zubar da ruwan bututu, a sake cikawa da maganin hana tsatsa, a fitar da iska daga radiyetoci. Wannan kam na mai gyaran famfo ne. Cikin boila kuwa, a bar wa ma'aikacin gas mai rajistar Gas Safe.

Sai wata baiwar Allah daga Birmingham, mai zaman haya. Ta ce ta kashe komai amma boila na ta ruri har tsakar dare, kuɗin gas na hawa. Hajiya, wataƙila ciwon ɗaya ne ta wata fuskar: ɗan makunnin ne ya maƙale a kunne. Amma kada ki kashe ko kwabo. Sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora gyaran ɗumama da ruwan zafi a wuyan mai gida. Rubuta masa yau ɗin nan, ki ajiye kwafi, in ya yi biris ki kai ƙara sashen gidaje na ƙaramar hukumarku.