Takarda da Sabulu: Amsa ga Mai Sauraronmu na Buza

Wasiƙar yau daga Buza ta fito. Wani malamin makaranta ne ya ji cewa Italiyawa na kiran takarda "carta", mutanen Fotugal kuma haka suke kiran wasiƙa, sabulu kuwa "sapone" ne a Italiya, "sabão" a Fotugal. Yana tambaya: dacewa ce kawai, ko Faransawa ne suka kawo mana waɗannan kalmomi?

Malam, Allah ya ƙara sani. Ba dacewa ba ce, kuma ba Faransawa ba ne. Harsunan Italiya da Fotugal 'ya'yan Latin ne, harshen Rumawa, saboda haka su gado suka ci. Mu kuwa aro muka yi, amma tsohon aro, ta hamada. Rumawa sun ci birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau, a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa, suka riƙe yankin fiye da shekara 500. A wannan zama ne kalmarsu "charta" ta shiga bakin mutanen arewacin Afirka, har ta iso ga Abzinawa, masu cewa "takarde". Ka lura da "ta" ɗin farko: alamar mace ce a harshensu, irin wadda ke kan takobi, wanda shi ma daga gare su muka samo. Duk wanda ya san yadda Abzinawan Kel Geres suka zauna da Hausawa a ƙasar Madawa ba zai yi mamakin wannan hanya ba. Sabulu kuwa ta Larabci ya biyo, daga "sabun", mu muka mai da "n" ta koma "l".

Wani zai ce kama da wane ba ta wane. Gaskiya ne, kama kaɗai ba hujja ba ce, shi ya sa nake nuna maka zangon da kalmar ta yada, ɗaya bayan ɗaya. In ka ce Faransawa, to sai wajen 1900 suka shigo ƙasar Adar, alhali Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, ya yi rubutunsa fiye da shekara 100 kafin nan. Kuma da daga bakin Faransawa kalmar ta fito, ina za ta samo "ta"? Wani kuma zai ji ciwo, ya ce ashe Hausa ba ta da nata. Rumawan ma daga Girkawa suka ari "charta". Mu ne kuma muka ɗinka mata jam'i, muka ce takardu, wanda babu Barumen da zai gane shi.