Gudun Safe a Unguwannin Masana'antu: Shawarwari ga Mazauna Sharaɗa, Challawa da Bompai

Wanda yake zaune a Sharaɗa, ko Panshekara, ko kewayen Bompai, ba shi da lambun shaƙatawa a ƙofar gida. Abin da yake da shi shi ne titunan kamfanoni, masu faɗi, miƙaƙƙu, waɗanda aka shimfiɗa don manyan motoci. Suna yin daɗin sassarfa, amma sai mutum ya bi agogon kamfanonin. Ga abin da ya kamata iyali su sani kafin a ɗaura kambas.

1. Ku fita daga idar da sallar Asuba, ku dawo kafin bakwai. Da zarar ma'aikatan safe sun fara kwararowa, a-daidaita-sahu da tireloli sun karɓe titi, kuma abin da za ku shaƙa hayaƙin gas ne. Safiyar Lahadi ta fi kowace, don yawancin kamfanoni ba sa lodi. Asabar ɗin ƙarshen wata kuwa ta tsaftar muhalli ce, ana taƙaita zirga-zirga da safe. Ranar a ɗauki tsintsiya da shebur, shi ma motsa jiki ne.

2. Mutanen Bompai sun fi kowa sa'a, domin Nassarawa GRA na maƙwabtaka da su. Maimakon zagaye katangun kamfanoni, ku gangara ta titin Ahmadu Bello, ku shiga titin Sultan ko na Lamiɗo, inda tsofaffin bishiyoyi ke ba da inuwa, motoci kuma ba su da yawa da sassafe. Filin Sukuwa na nan kusa, kuma ƙasa ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa, musamman ga mai jiki. Abu ɗaya: in hanya ta biyo da ku ta gaban hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, ku wuce kawai. Ba wurin tsayawa miƙe ƙafa ko ɗaukar hoto ba ne.

3. Daga Sharaɗa, titin Yahaya Gusau zai fitar da ku zuwa titin BUK, inda mutum zai yi tafiyarsa yana kallon abin da ya rage na badala. Titin Zoo ba na gudu ba ne in rana ta fito, cunkoso ya yi masa yawa. Amma Gidan Zoo na Audu Baƙo, in an biya kuɗin shiga, wuri ne mai inuwa da za a yi tattaki da yara ba tare da ana fizgo hannunsu daga gaban mota ba.

4. A Challawa, ku saurari hancinku. Nan da Sharaɗa ne kamfanonin jimar fata suka fi yawa, kuma jimar zamani da sinadarin kuromiyam ake yin ta, ga sinadarin cire gashi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan da ke fitowa daga wasu kamfanonin yana bin magudanai ya faɗa rafin Salanta da kogin Challawa, kamar yadda na Bompai ke bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara. Mai gudu yana zuƙar iska ninkin mai tafiya, kuma ta baki yake zuƙa. Don haka idan wari ya tare ku a wani layi, kada ku ce za ku daure ku ƙetare, ku juya ku canza hanya. Da 'yan kwanaki za ku gane layin da iska ke kaɗo warin da wanda ba ta kai shi. Ruwan kwata mai launi, shuɗi ne ko baƙi ko ja, ba a taka shi. In takalmi ya taɓa, a wanke shi a waje, kada ya shiga tsakar gida inda jariri ke rarrafe. Mai asma kuwa, a ganina, ya haƙura da cikin Challawa gaba ɗaya, ya nemi hanyoyin gonaki na bayan gari.

5. Ku bi gefen hagu, kuna fuskantar motar da ke tahowa. Direban tirela yana can sama, ba ya ganin wanda ke daf da tayarsa, kuma kwana yake sha da faɗi. A sa riga mai haske. A riƙa duban ƙasa, domin murafun lambatu da yawa sun yi ƙafa.

6. Shirun titin ba duka ne alheri ba. Masaƙu da kamfanoni da dama sun rufe tun shekarun 1990, saboda matsalar wuta da kayan waje masu araha, sun bar dogayen katangu da babu gida ko shago a jikinsu. Irin wannan wuri masu ƙwacen waya ke so. A bar babbar waya a gida, kada a toshe kunne da abin jin sauti, kuma a fita mutum uku ko huɗu. Ku riƙa yi wa masu gadi da mai shayin bakin ƙofa sallama kullum. Ran da wani abu ya faru, su ne za su ce sun san ku.

7. Kowane yanayi da nasa. Da hunturu, in hazo ya rufe gari, a rage gudu a koma tafiya, a sa takunkumi. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 da rana, saboda haka a sha ruwa kafin a fita, kuma kada a yi gangancin gudun yamma. Da damina ruwa kan shafe bakin kwata, sai a bi hanyar da aka sani kaɗai. Da azumi, tafiya bayan Tarawih ta wadatar.

8. Kada maigida ya mayar da abin nasa shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar, kuma tafiya da sauri ta shiga lissafi. Uwargida da maƙwabtanta za su iya yin nasu da hijabinsu, a cikin layin unguwa ko filin makarantar firamare in an nemi izini. Mai hawan jini ko ciwon suga, da wanda ya haura arba'in bai taɓa gudu ba, ya fara ganin likita, sannan ya soma da tafiya ta makonni kafin ya ɗaga ƙafa. In numfashi ya kai ba za ka iya amsa gaisuwa ba, ka wuce ƙima, sassauta. In kuwa ƙirji ya riƙe ko jiri ya taso, a tsaya nan take a tari a-daidaita-sahu zuwa asibiti.