Ga ɗaliban nahawu a Gaya da Ajingi: ku fara da Hausarku

Ɗalibin da ya buɗe Ajurumiyya, littafin Ibn Ajurrum wanda ya rasu a Fas a 1323, yakan fara cijewa ne a kan i'irabi. Larabci na nuna aikin suna da wasalin ƙarshe: alwaladu in yaron ne ya aikata, alwalada in shi aka yi wa, alwaladi in mallaka ce ko bayan harafin jarra. Shawarata ita ce, kafin hadda, a tambayi jimlar da Hausa: wa ya yi, wa aka yi wa?

Wani zai ce ai Hausa ba ta da i'irabi, kwatancen zai rikita yara. Gaskiya ne sunanmu ba ya canza wasali, amma aikin nan muna yin sa ta wata hanya. “Manomi ya kira dillali” daban yake da “dillali ya kira manomi”; jeri ne ya raba su. A kasuwar Gaya kuwa za ka ji “ya sayi gero”, “ya saye shi”, “geron da ya saya”. Wasalin ƙarshe na motsawa a nan ma, sai dai a jikin aikatau. Malam, yaron da kunnensa ya kama wannan, rufu'a da fataha ba za su zame masa baƙi ba.