Darasi: Mene Ne Baiwar Mawaƙi?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa matasa, bayan wa'azin makon jiya wani yaro ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce Allah Ya ba shi murya, abokansa kuma suna cewa sai ya je wurin boka an haɗa shi da aljani kafin waƙarsa ta karɓu. To, wannan shi ne dalilin darasin yau.

Da farko, murya kyauta ce, kuma Musulunci bai raina ta ba. Lokacin da aka fara kiran salla a Madina, Abdullahi ɗan Zaidu ne ya ga lafazin a mafarki, amma Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya umarce shi ya koya wa Bilalu, don muryar Bilalu ta fi tasa kaiwa nesa. Ka duba fa: wanda ya yi mafarkin daban, wanda aka ɗora a kan aikin daban. Haka kuma ya ji karatun Abu Musal Ash'ari da dare, ya yaba, har ya kamanta daɗin muryarsa da irin wanda aka ba Annabi Dawuda.

Amma murya ita kaɗai ba ta yin mawaƙi. Akwai kunne mai riƙe kari, akwai ƙwaƙwalwa mai ajiye baituka, akwai sanin Hausa ciki da waje, sannan akwai saurin ɗauko kalmar da ta dace a lokacin da ake bukatarta. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, an san shi da tsara waƙa nan take a gaban jama'a. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, kuntigi ne kawai a hannunsa, tsirkiya ɗaya tal. Jahili ya ga haka sai ya ce iska ce. Ba iska ba ce, malam! Shekaru ne na sauraro da maimaitawa. Mawaƙa da yawa sai da suka daɗe suna amshi a bayan wani kafin a ji muryarsu. Wanda ya kai kuɗinsa ga boka neman wannan, ya saida tauhidinsa, kuma bai sayo komai ba.

Maganar kayan kiɗa kuwa, malamai sun tattauna ta. Mafi yawansu sun hana, ban da duffi a ranar aure da idi; Ibn Hazm ya saɓa musu. Wannan darasi ne na wata rana.

Abin da ya fi damuna shi ne inda baiwar take zuwa. Hassanu ɗan Sabitu an kafa masa mumbari a masallaci yana kare Manzo da waƙa. Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka kai ilmi ƙauyukan da littafi bai isa ba. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma Imfirajinsa ta shiga gidajen da mu masu wa'azi ba mu taka ba. A ɗaya gefen kuma ga mai irin wannan fasaha yana kiran azzalumi adali don an manna masa kuɗi a goshi, ko yana zambo yana ci wa bawan Allah mutunci don an hana shi. Gwanintar ɗaya ce, kuma gwargwadon gwanintarsa gwargwadon yawan bakunan da za su maimaita ƙaryar bayan ya shiga kabari.

Shi yaron nan na ce masa ya zo ranar Asabar bayan la'asar, mu fara da makhrajin haruffa, mu ji muryar tasa tukuna.